"Ban Sani Ba" a Gaban Masu Ɗaukar Aiki

Hajar kamfanonin binciken kasuwa irin su Ipsos da Kantar alƙaluma ce, wadda wani zai dogara da ita ya zuba jarinsa. Shi ya sa ganawar ɗaukar aiki a wannan fanni jarrabawar amana ce kafin ta basira. Akan jefo wa mai neman aiki tambayar da babu wanda ya haddace amsarta, misali ledar fiyawata nawa ake sha a Kano a rana. Wani zai ƙago adadi ya faɗa ko ƙyafta ido babu. Wani kuwa zai ce bai sani ba, sannan ya ɗauki biro ya fara lissafi daga yawan jama'a, ya ware masu rijiyar burtsatse a gida, ya bambanta bazara da hunturu. Na biyun ne ya cancanci aikin, a addini da sana'a. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 da "ban sani ba", kuma darajarsa ba ta ragu a Madina ba.

Za a ce masu neman aiki sun yi yawa, mai noƙewa shi ake bari a baya. Gaskiya ne, amma addini bai hana mutum faɗin gwanintarsa ba. Annabi Yusufu (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, ya ambaci amanarsa da iliminsa, domin yana da su. Haramcin yana kan da'awar abin da babu. Za a kuma ce ai ƙiyasi ma magana ce ba da ilimi ba. Ƙiyasin da mai shi ya kira ƙiyasi, ya nuna hanyar da ya bi, kowa na iya duba shi ya gyara. Ha'inci yana farawa ne idan aka sa wa zato rigar tabbas.

A 1985 kamfanin Coca-Cola ya canza ɗanɗanon lemonsa bayan gwajin ɗanɗano kusan 200,000, amma cikin kwana 79 ya dawo da tsohon saboda fushin masu saye. Idan alƙaluman gaske za su iya ɓatar da kamfani haka, ina ga na ƙarya? Wanda ya ƙago amsa don a ɗauke shi, gobe shi ne zai zauna a gindin bishiya ya cike takardun tambayoyi da sunan mutanen da bai gani ba. Mai neman aiki ya faɗi abin da ya iya, ya tsaya inda saninsa ya tsaya. Arziki na Allah ne.