Ƙodarka Taka Ce ko Amana Ce?

Wata ɗalibata a sakandare a Kabo ta tambaye ni: "Malam, tunda jiki amanar Allah ne, ya halatta mutum ya ba wani ƙodarsa?" Kawunta daga Gwarzo ake kai shi Kano wankin ƙoda, ƙafafu a kumbure.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta kyautar muddin ba za ta halaka mai bayarwa ba, ta kuma haramta sayarwa. Asibitin Malam Aminu Kano kuwa tun 2002 yake dashen ƙoda. A ganina, ceton rai shi ma riƙon amana ne.

Ɗalibanmu gobe su ne za a tambaya a gefen gadon ɗan'uwa. Malamai, mu sanar da su hukuncin tun yanzu.