HAƘƘIN MAƘWABCIN MINTI ASHIRIN

'Yan'uwa matasa, ga tambayar da muke so mu tattauna a wannan fitowa: shin mutumin da ba mu sani ba, kuma ba za mu ƙara ganinsa ba, yana da haƙƙi a kanmu?

Abin da ya kawo tambayar shi ne layin metro na 13. Wannan layi ya iso tashar Basilique a Saint-Denis a 1976, ya kai jami'a a 1998. A tashar La Fourche ya rabu biyu, reshe ɗaya ya yo wajenmu, ɗayan ya nufi Asnières da Gennevilliers, saboda haka jiragen ma sai an raba mana su. Shi ya sa cunkoson safiya ya yi suna a duk Paris. An kawo layi na 14 har Pleyel a 2024, amma wanda ya fito ƙarfe takwas ya san har yanzu ana taka ƙafa. Wannan ya ɗora maka jakarsa a haƙarƙari, wancan yana faɗa da surukarsa a waya, kowa na ji. 'Yan'uwanmu na Lyon nasu abin dariyar daban ne: layinsu na D ba shi da direba, ƙofa ta rufe a gabanka, ka rasa wanda za ka harara.

A ofis ma haka. Ba a buɗe Stade de France ba sai 1998, amma tun daga nan unguwar La Plaine ta cika da ofisoshi, da yawa cikinmu kuma nan suke neman abinci. Akwai mai shanye kofin ƙarshe ya bar tukunya wayam. Akwai mai ganin takarda ta maƙale a injin kwafi ya sulale. Akwai kuma abokin aikin da duk shekara, idan azumi ya zo, sai ya zaro ido ya ce: "Ko ruwa?"

To, a zango, ko Nima ce ko Sabon Zangon Kumasi, abin da ke riƙe yaro shi ne an san gidansu. Ka yi wa dattijo rashin kunya a cikin trotro, kafin ka kai gida labari ya riga ka. A ƙarƙashin ƙasar Paris babu wanda ya san ubanka. Nan ne ake gane ladabin da aka yi don Allah da wanda aka yi don tsoron Mai Unguwa. Wanda ke durƙusa wa manya a gida, amma ya ga tsohuwa tsaye a jirgi ya yi barcin ƙarya, ya binciki kansa. Haka wanda ba zai taɓa sisin maƙwabcinsa ba, amma ya tsallake ƙofar tikiti yana dariya, don wai kuɗin ba na kowa ba ne. Na masu biya ne, cikinsu har da uwayenmu mata da ke fita sharar ofis tun kafin asuba.

A aya ta 36 ta Suratun Nisa'i an lissafa abokin da ke gefenka cikin waɗanda aka umarce mu da kyautata musu, kuma daga cikin malaman tafsiri akwai waɗanda suka ce abokin tafiya ake nufi. Kakanninmu fatake, masu zuwa Salaga sayen goro, sun san wannan. Kalmar zango kanta masaukin matafiya ce, inda baƙo ke kwana kusa da baƙo. Ashe wanda kafaɗarsa ke gogar tamu daga Basilique zuwa Saint-Lazare maƙwabci ne, ko da na minti ashirin.

Wani zai ce: "Malam, ai waɗannan ƙananan abubuwa ne." Ƙanƙantarsu ce haɗarinsu. Babbar musiba kowa ya san ta haƙuri ce. A yajin aikin ƙarshen 1995, da jirage suka tsaya mako uku, mutanen Paris sun riƙa ɗaukar baƙi a motocinsu. Amma taka ƙafa babu mai zuwa maka jaje a kansa, babu mai yabonka don ka haɗiye. Kuma fushin da muka ɗauka a jirgi ba ya sauka a jirgi. Muna kai shi gida, mu sauke shi a kan mata ko ƙane, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Sai dai a lura, haƙuri ba ya nufin yin shiru a kan zalunci. Idan an hana ka albashinka, ko an ci mutuncinka saboda launinka ko addininka, akwai doka, akwai ƙungiyar ma'aikata, ka nemi haƙƙinka. Aikin mai hankali shi ne ya rarrabe wanda ya zalunce shi da wanda birki ya jefo masa. Wanda ya mai da kowace turereniya wariyar launi, ran da ta gaskiyar ta zo, ba zai sami mai saurarensa ba.

Saboda haka amsarmu ita ce: e, yana da haƙƙi. Mu bar masu fita su fita kafin mu shiga. Mu sauke jaka daga baya. Mu rage murya a waya. Mu tashi wa tsoho da mai juna biyu. Mu biya kuɗin jirgi. Mai tambayar "ko ruwa?" kuwa, mu amsa masa da murmushi, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Allah Ya kai mu wurin aiki lafiya, Ya maido mu ga iyalanmu da sanyin zuciya.