Nasiha ga Uwaye: Mu Kula da Yaro Tun Kafin Ƙwaya Ta Same Shi

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, uwaye na kuka da tramol da sholisho da tabar wiwi. Hukuncinsu a fili yake: Allah Ya haramta giya a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, malamai kuma sun sanya duk abin da ke gusar da hankali cikin wannan hukunci. Sai dai da yawanmu ba ma farga sai ran da aka ɗauko yaro ɗan shekara 16 ya faɗi yana shure-shure saboda yawan tramol, alhali matsalarsa ta soma tun yana ɗan shekara 7.

Masana da suka bi rayuwar yara tun ƙuruciya har girma sun gano cewa wasu halaye na ƙara haɗarin faɗawa shaye-shaye bayan balaga. Na farko, yaro mai yawan faɗa da ƙarya da ɗauke-ɗauke da gudun makaranta. Na biyu, yaron da ba ya iya zama wuri guda, hankalinsa ba ya tsayawa kan allo, yana aikata abu kafin ya yi tunani. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi: yaro mai shiru da tsoro da baƙin ciki, sau da yawa bayan mutuwar uwa ko rabuwar aure. Mukan yaba masa da kunya, shi kuwa ciwo yake ɓoyewa.

Wannan ba hukunci ba ne a kansu, domin da yawa sukan tashi lafiya. Amma ku duba yadda abin ke tafiya. A gida duka, a lakwal kora, a unguwa ana kiransa ɗan banza. Wurin da ya rage a karɓe shi da fara'a shi ne fadar da ake miƙa masa ƙwaya. Mai rawar kai ya sha don ya gwada, mai baƙin ciki ya sha don ya manta. Ƙwaƙwalwar mutum kuwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa wanda ya soma da wuri ya fi wuyar bari.

To, ina magani? Mu dubi Manzon Allah (S.A.W.). Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara 10 tun yana yaro, bai taɓa yi masa tsawa ba. Da tsuntsun Abu Umairu, ƙanen Anas, ya mutu, Manzo da kansa ya tambaye shi labarin tsuntsun don ya faranta masa rai. Bai raina damuwar ƙaramin yaro ba, mu ma kada mu raina.

Saboda haka, ya kai uba, ka zauna da ɗanka, ka san abokansa, ka je wurin malaminsa ka ji halinsa. Ke uwa, ki tsare harshenki daga la'anta, ki maye ta da addu'a. Horo ya zama da ƙa'ida bayyananniya, ba da fushi ba. Kada a aiki yaro sayen taba ko ƙwaya. Idan halin ya daɗe, ya hana shi barci ko karatu, a kai shi likita. Neman magani ba ya cin karo da tawakkali. Maraya da almajirin unguwa kuwa amana ce a wuyanmu duka.

Allah Ya umurce mu a aya ta 6 ta Suratut Tahrim da mu tsare kanmu da iyalanmu daga wuta, kuma za a tambaye mu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a hankali, don kada ya karye.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba waɗanda suka faɗa ciki lafiya da tuba. Amin.