Maganar Da Ta Bar Wayarki, Har Yanzu Taki Ce?

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), tambaya ɗaya nake so mu tattauna a wannan fitowar. Saƙon murya da kika tura a zauren WhatsApp shekara uku da suka wuce, ko hoton da kika ɗora a Facebook kika manta, shin har yanzu naki ne? In naki ne, wajibi ne ki koma ki nemo shi, ko kuwa abin da ya wuce ya wuce?

Mu fara da yadda abin yake. A shekarar 2007 aka kafa hukumar katin ɗan ƙasa, wato NIMC, mai ba kowa lamba 11 da ake kira NIN, bayan an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce dole a haɗa kowane layin waya da wannan lamba, a Afrilun 2022 kuma aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. To, da layin nan ake buɗe WhatsApp, da shi da yawanmu muka buɗe Facebook da TikTok. Kin ga sarƙa ke nan: daga yatsanki zuwa lamba, daga lamba zuwa layi, daga layi zuwa maganarki. Matar da ke Kiru ko Doguwa, wadda a da ko sunanta na yanka ba a sani ba a wajen unguwarsu, yau duk abin da ta tura kamar ta dangwala masa yatsa ne.

Masu iko sun san amfanin wannan sarƙa. A watan Yuni na 2022 wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ya yi rubutu a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin. Sai a Nuwamba jami'an tsaro suka kama shi aka kai Abuja, a Disamba aka janye ƙarar bayan jama'a sun yi ca. Ko kamun ya dace ko bai dace ba, wannan zance ne daban. Abin lura shi ne, wata biyar ya wuce, amma rubutun yana nan da sunan mai shi.

Mumina kuwa ba daga NIMC ta fara jin labarin rajista ba. A aya ta 12 ta Suratu Yasin, Allah Ya gaya mana cewa ana rubuta abin da mutane suka gabatar, ana kuma rubuta gurabun da suka bari a baya. Imam Muslim ya ruwaito cewa Banu Salima sun so su taso su dawo kusa da masallaci, sai Annabi (SAW) ya umarce su da su zauna a gidajensu, domin ana rubuta musu takun da suke yi. In har ana rubuta sawun ƙafa a kan rairayi, ina ga maganar da take ta yawo a wayoyin mutane ke kuma kina barci?

Duk wadda ta san dajin Ɗansoshiya ta san halin makiyayi na ƙwarai. Da yamma yakan duba garkensa, in saniya ɗaya ba ta dawo ba ya ɗauki sanda ya bi sawunta, don ya san in ta faɗa gonar dawar wani, shi za a nema. Shari'a ma haka ta ce. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo labarin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta yi ɓarna a gonar wani, Annabi (SAW) ya hukunta cewa ɓarnar da dabbobi suka yi da dare tana wuyan masu su. Maganarki ma dabbarki ce da kika kwance. Don kin daina ganinta, ba shi ke nuna ta daina ɓarna ba.

Wata za ta ce, "Malama, ni fa ban ƙirƙira ba, turawa kawai na yi." Ki tuna watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da aka riƙa tashin mutane cikin dare ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An kwantar da mutane a asibiti, har aka rasa rayuka. Kusan duk wanda ya yaɗa saƙon nan taimako ya nufa, kuma turawa kawai ya yi. Su kansu masu WhatsApp sun ga haɗarin, shi ya sa a 2018 suka fara sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, a 2019 suka taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda. Tun kafin su, hadisi a Sahihu Muslim ya nuna cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci.

Saboda haka ina ganin bin sawun kai a intanet wani reshe ne na yi wa kai hisabi. Ki ware lokaci, ko sau ɗaya a wata. Ki rubuta sunanki da lambar wayarki a wurin bincike ki ga abin da zai fito. A Facebook akwai wurin da ke ajiye tarihin duk abin da kika ɗora da sharhin da kika yi. A WhatsApp ki shiga zauren dangi, da na biki, da na adashe, ki saurari muryoyinki na baya kamar wata ce ta yi su. Ki kuma tuna tsofaffin shafuka: wanda yaron shagon caji ya buɗe miki ya riƙe lambar sirrin, da layin da aka yi wa wani rajista da NIN ɗinki don kunya ta hana ki ƙi. Duk abin da aka yi da su, sunanki ne a gaba. Ki canza lambar sirri, layin kuma a je ofishin kamfani a raba shi da sunanki.

Abin da za ki tarar iri biyu ne. Na farko, wanda ke tsakaninki da Allah, kamar hoton da bai dace ba. Wannan ki goge shi shiru, ki tuba, kada ki tallata, domin addini yana son mutum ya rufa wa kansa asiri. Na biyu, wanda ya taɓa haƙƙin wani: ƙazafi ga wata, tona asirin kishiya, hadisin ƙarya, maganin da ba likita ya faɗa ba. A nan gogewa kaɗai ba ta wadatar. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya ce sharuɗɗan tuba uku ne, in akwai haƙƙin mutum su zama huɗu, na huɗun shi ne kuɓuta daga haƙƙin. Aya ta 160 ta Suratul Baƙara kuma ta haɗa tuba da gyarawa da bayyanawa. Wato zauren da kika yi ɓarnar, nan za ki koma ki ce, "Abin nan da na turo ba gaskiya ba ne." In wadda aka yi da ita ta ji, ki nemi afuwarta. In ba ta ji ba, kuma faɗa mata zai tada fitina, malamai irin su Ibnu Taimiyya da ɗalibinsa Ibnul Ƙayyim suna ganin a nema mata gafara, a kuma ambaci alherinta a inda aka ci namanta.

Gaskiya ne ba duka za ki iya dawo da su ba, magana zarar bunu ce. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ba ki damar neman kamfani ya goge bayananki, amma ba ta iya shiga wayar maƙwabciyarki ta cire muryarki da ta ajiye. Kada wannan ya sa ki yanke ƙauna ko ki faɗa waswasi. Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Ki gyara abin da hannunki ya kai, sauran ki bi shi da istigfari da yaɗa alheri a wuraren nan dai.

Gargaɗi na ƙarshe, 'yar'uwa. Hanyar da za ki bi ki gano naki sawun, ita ce dai za ki iya bi ki tono na kishiya, ko na matar ɗanki, ko na maigida. Laifi tudu ne, mutum ya take nasa ya hango na wani. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma sauƙin da waya ta kawo bai ɗage hanin ba. Ranar da za a miƙa wa kowa littafinsa a ce ya karanta, naki za a ba ki. Gara ki fara duba shi tun yanzu, tun ana iya gyara.

Allah Ya shirye mu, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu, Ya sa mu karɓi littattafanmu da hannun dama, amin. Wassalamu alaikum.