AMANAR ƊIYA CIKIN TAFIYA: NASIHA GAME DA BIDIYON CIKIN MOTA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore muna abin hawa a tudu da ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, mu ji tsoron Allah. Wasu iyaye sun aiko ma wannan ƙungiya da tambaya: shin ya halatta a saka bidiyo cikin mota don ɗiya su yi kallo lokacin doguwar tafiya? In ya halatta, wane iri ya kamata a zaɓa?

Tambayar tana da dalili. Daga Yamai zuwa Maraɗi ya haura kilomita 600, zuwa Damagaram kuwa ya kusa 900, wuni guda cur kenan. Manzon Allah (S.A.W.) ya siffanta tafiya da yanki na azaba, kamar yadda Imam Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa. In babba ya ji jiki, ina ga yaro? Saboda haka neman sauƙi ga ɗiya jin ƙai ne, ba laifi ba ne.

Amsa ita ce: bidiyo ƙwarya ce, abin da aka zuba cikinta shi ke da hukunci. In nono ne, halal. In giya ce, haram. Allah ya umurce mu cikin Suratut Tahrim, aya ta 6, da mu tsare kanmu da iyalanmu daga wuta. Ya kuma sanar da mu cikin Suratul Isra'i, aya ta 36, cewa ji da gani da zuciya duk ababen tambaya ne. Yaro ba a hau shi da alƙalami ba tukuna, don haka tambayar idonsa da kunnensa tana wuyan wanda ya kunna masa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa kowanenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin kiwonsa. Makiyayi na ƙwarai shi ke shiga gaba ya duba makiyaya kafin ya saki garke.

To, wanda ya yi niyyar saye, ya kiyaye waɗannan sharuɗɗa.

Na farko: ya fifita abin da uba ke iko da cikinsa. Na'urar da ke karanta faifai ko katin ajiya ta fi salula ko allon hannu mai intanet aminci, domin mai intanet ƙofa ce a buɗe: wani kallo na ƙarewa, wani ya shigo da kansa ba da izininka ba. In allon hannu ne, a zuba abin kallo tun daga gida, a rufe intanet.

Na biyu: kada ka ba yaro abin da ba ka kalla da idonka ba. Masu tura finafinai a kasuwa sukan cika kati da duk abin da ke hannunsu, kuma ba kowane zanen yara ne na yara ba. Akwai masu koyar da tsafi, da tsiraici, da raina iyaye. A nemi karatun Alƙur'ani, da tarihin Annabawa wanda ba a suranta su ciki ba, da koyon baƙaƙe da lissafi, da labarin dabbobi.

Na uku: tsare rai. A ɗaure allon da kyau a bayan kujera, inda idon direba ba ya kai gare shi. Mai tuƙi da ya waiwaya don kallo ya sa rayukan mutane cikin haɗari, kuma alhaki na kansa. Allon da aka bari sake yakan zama jifa in an taka birki da ƙarfi. Kada kuma a bar shi cikin mota a rufe da tsakar rana, domin zafi na lalata batirinsa.

Na huɗu: a yi ma kallo iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a shekarar 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, mai shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa 1 a wuni. Sannan ƙura ido ga allo cikin mota na kawo jiri da amai, saboda ido na ganin abu tsaye alhali jiki na jin motsi. In yaro ya fara haka, a kashe, a sa shi duban nesa. A kuma rage sauti, musamman in an sa masa abin ji a kunne.

Na biyar, wanda ya fi duka girma: bidiyo ta yi shiru in lokacin ambaton Allah ya yi. Kada a kunna ta sai an karanta addu'ar hawa, wadda asalinta ke cikin Suratuz Zukhruf, aya ta 13 da ta 14. In an tsaya salla a Dogon Dutsi ko Ƙonni, a kashe, ɗan shekara 7 ya sauka ya bi sahu. Nan ne zai ga ƙasaru da idonsa, ya ji cewa a mazhabarmu ta Malikiyya ana yin ta ga tafiyar mil 48. Sahabbai sun kasance suna kabbara in sun hau tudu, suna tasbihi in sun gangara. Wa zai koya ma ɗiyanmu wannan in kunnuwansu na toshe tun daga tasha?

Ya ku bayin Allah, da wuya uba ya samu wuni guda zaune kusa da ɗiyansa kamar ranar tafiya. Ka nuna masu gonakin hatsi, da duwatsu, da garuruwan danginsu, ka gaya masu wanda ya halicce su. Addu'ar matafiyi karɓaɓɓa ce, haka ta uba ga ɗansa, ga shi kuwa ka haɗa biyun. Kada ka sayar da wannan rabo don neman shirun yaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi.

Allah ya shiryi zuri'armu, ya sa su zama sanyin idanunmu, ya kai matafiya gida lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.