Ganga a Ɗakin Sujada: Ko Ya Halatta Mu Yi Murna?



Ga shi kaka ta yi, an kai dawa rumbu, hunturu ya sauko bisa duwatsun Rano. Kowace yamma a kan ji mawaƙa suna koyon waƙoƙin Kirsimati a ƙauyukan Rano da Kibiya, samari kuwa suna shirin zuwa Kano. Wani dattijo, sabon tuba, ya tambaye ni, ya ce, "Malam, na bar gangar bori da tulun giya domin in bi Yesu, ga shi kuma na iske ganga a ɗakin sujada. Ina bambanci?"

Tambaya ce mai nauyi, kada kowa ya raina ta.

Da fari dai, Allah ba ya ƙin murna. Dawuda ya yi rawa a gaban akwatin alkawari, Ubangijinmu ya halarci biki a Kana ta Galili, Bulus da Sila kuwa sun yi waƙa cikin kurkuku a Filibi. Amma a littafin Amos, sura 5, Allah ya ƙi sauraron waƙoƙin Isra'ila, gama suna waƙa, suna kuwa tattake matalauta. Ashe laifin ba na ganga ba ne. Fata ɗaya ce, icce ɗaya ne. Domin wannan, bari kowa ya gwada murnarsa da tambaya uku.

Ta ɗaya, wa ka ke kira da gangar? A dā an buga ta domin iska ta hau mutum, hankalinsa ya gushe. Yanzu muna buga ta da hankalinmu, da kalmomin da mu ke ganewa, gama tun 1932 Littafi Mai Tsarki duka yana cikin harshen Hausa. Amma mawaƙin da ke so a yabi muryarsa, kansa ya ke yi wa kiɗa.

Ta biyu, wa zai biya? Zuwa birni ba zunubi ba ne. Amma wanda ya sayar da hatsinsa da araha a watan Disamba domin atamfar Kantin Kwari, ya koma yana awo da tsada cikin damina, abincin 'ya'yansa ya sa a jiki. Littafi bai faɗi ranar haihuwar Ubangiji ba. A Roma aka fara rubuta 25 ga Disamba, wajen shekara ta 336. Al'ada ce mai kyau, ba doka ba ce; kada ka ci bashi dominta.

Ta uku, yaya ka ke komowa? Makiyayan Baitalami sun koma suna yabon Allah. In ka komo da maye, ko da husuma, maƙwabtanka Musulmi da danginka da ba su tuba ba suna gani, da kai za su auna Almasihu.

Dattijon nan kuwa, ban tilasta shi ba. Na ce, "Baba, in gangar tana tuna maka da tsohuwar hanya, zauna daga baya, ka yi waƙa da baki kaɗai." Haka Bulus ya koyar a Romawa, sura 14, kada mu sa wa ɗan'uwa tuntuɓe.

Ku yi waƙa, ku kai wa gwauruwa tuwo, ku aika wa maƙwabta. Salamar Ubangiji ta zauna tare da ku. Amin.