Wa Ke Tashi Ya Rage Fanka?

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, fankar sama kan kwana a lamba ta ƙarshe, in an dace da wuta. Can gab da asuba gari ya yi sanyi, dole wani ya tashi cikin duhu, ya laluba bango, ya rage ta. Rimot ya ɗauke wannan tashin. Akwai ɗan akwatin da ke karɓar saƙo a saman fankar, ana danna maɓalli daga kan gado ta rage gudu, wasu ma ana saita musu lokacin da za su kashe kansu. Sababbin fankokin da ke aiki da sola, masu cin wat 30 zuwa 35 maimakon 70 da ɗoriya na tsofaffin, galibi da rimot ɗinsu suke zuwa.

Sai dai akwai masu ganin abin a matsayin ƙofar lalaci, kuma zargin ya daɗe. Kamfanin Zenith na Amurka, da ya fitar da rimot ɗin talabijin a 1950, da kansa ya raɗa masa suna Lazy Bones, wato malalaci. Mai wannan ra'ayi yana da abin kafa hujja a addini, domin ya tabbata cewa Annabi (SAW) yana neman tsari daga kasala da gajiyawa.

Amma kasalar da ake gudu ita ce jan jiki daga abin da ya hau kan mutum: salla, neman halal, haƙƙin iyali. Taku uku zuwa bango ba ya cikin waɗannan. Shari'a ba ta ɗauki shan zafi a matsayin ibada ba. Bukhari ya ruwaito umarnin a jinkirta azahar har rana ta yi sanyi idan zafi ya tsananta.

Abin da masu zargin kan tsallake shi ne wanda yake tashin tun asali. Sanyaya jikin babba, a mafi yawan tarihi, aikin jikin ƙarami ne. A Indiya zamanin mulkin Ingila, fankar ofisoshi da gidajen Turawa wani faffaɗan ƙyalle ne da ake ratayawa a rufin ɗaki, an ɗaura masa igiya ta bi ta ƙofa ko ta wata kafa a bango. A waje wani talaka ke zaune yana ja yana saki dare da rana, yana gyangyaɗi, iskar ba ta isa gare shi. A fadar Kano ma, figinin gashin jimina da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Rumfa, wani ne ke riƙe da shi ba sarki ba. Wutar lantarki ta sallami mai jan igiya, amma ta bar ɗan aike. A gidaje da yawa maigida ba ya zuwa bango. "Auta, zo ka rage fankar nan," ko kuma a taɓa uwargida da ta wuni a gindin murhu.

Muslim ya ruwaito daga Aufu ɗan Malik cewa wasu sahabbai sun yi wa Annabi mubaya'a a kan ba za su roƙi mutane komai ba, har ta kai bulalar ɗayansu kan faɗi yana kan abin hawa, ba zai ce a miƙo masa ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, da mai jego, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ba su da ikon sauka su ɗauki tasu bulalar. Da rimot a gefen matashi, sun huta da kiran da su kansu suke jin nauyinsa da tsakar dare.

Akwai asara, ba a musu. Aike makaranta ce a gidan Bahaushe, kuma yaron da ya tashi ya yi wa kakarsa hidima yana samun lada da albarka. Wani lokaci ma tsohuwar ba fankar ce ta dame ta ba, so take a leƙo ta. Jikan da ya saya mata rimot ya daina shiga ɗakin, shi ne zargin ya fi dacewa da shi.

Sannan ga sabuwar rigima. Makunnin bango na kowa ne, rimot kuwa a hannun mutum ɗaya yake kwana. Miji na zufa, mata na fama da mura, jariri na tsakaninsu. Malaman fiƙihu suna da ƙa'idar hana cuta da cutarwa, kuma a ɗaki irin wannan tana nufin mai rimot ya tambayi na kusa da shi kafin ya ƙara lamba.